Alfarma Biyu A Ɗaki Ɗaya: Me Iyali Ke Saye A Manyan Otal-Otal Na Disney?

Gabatarwa

Kalmar "alfarma" tana daga cikin kalmomin da ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya ya yi musu kallon tsanaki, domin fuska biyu gare ta. Idan aka ce gida na alfarma ko tufafi na alfarma, ana nufin abu mai ƙawa da tsada, wanda ba kowa ke iya mallakarsa ba. Idan kuwa mutum ya je banki ko asibiti ya tarar da dogon layi, ya matsa kusa da ma'aikaci ya ce, "Don Allah a yi mini alfarma," to abin da yake roƙo shi ne a fifita shi, a sallame shi kafin waɗanda suka riga shi zuwa. Ma'ana ta farko ta shafi kyan abu, ta biyu kuma ta shafi tsallake layi.

Akwai wuri ɗaya a duniya da waɗannan ma'anoni biyu suka haɗu a cikin ɗaki guda, wato manyan otal-otal na dandalin nishaɗin Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Duk shekara iyalai daga sassan duniya suna zuwa hutu wannan wuri, kuma tambayar da ke fara raba kan miji da mata tun kafin a sayi tikitin jirgi ita ce: a ina za mu sauka? Shin a babban otal na cikin dandalin, wanda kuɗin kwana ɗaya a cikinsa ya isa hayar gida ta wata guda, ko kuwa a ƙaramin masauki mai sauƙin kuɗi?

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mafi yawan kuɗin da iyali ke biya a irin wannan otal kuɗin alfarma ce ta biyu, wato kuɗin lokaci da fifiko. Saboda haka da sa'o'i ya kamata a auna shi. Iyalin da suka auna suka ga ya biya su, kuma kuɗin na hannunsu, ba su yi laifi ba. Waɗanda kuwa daɗin bakin talla ya ja su har suka ci bashi, sun yi wa rogo kallon kitse.

Yadda Aka Faro

Domin a fahimci dalilin tsadar, sai an koma baya kaɗan. A ranar 17 ga Yuli, 1955, Walt Disney ya buɗe dandalinsa na farko mai suna Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, a kan fili mai faɗin eka 160 kacal. Kuɗinsa ya ƙare a ginin dandalin, don haka otal ɗin da ke ɗauke da sunan wurin ma wani attajiri ne mai suna Jack Wrather ya gina shi, kuma bai dawo hannun kamfanin Disney ba sai a 1988. Kafin a ce kwabo, ƙananan masaukai da gidajen abinci na wasu mutane suka kewaye dandalin. Ma'ana, Disney ne ke jawo baƙi, amma kuɗin kwanansu da na cinsu yana faɗawa aljihun maƙwabta.

Wannan darasi ne ya sa a tsakanin 1964 da 1965 kamfanin ya riƙa sayen filaye a asirce a tsakiyar Fulorida, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kada masu filayen su farga su tsawwala farashi. Ya tara kimanin eka 27,000 a kan kuɗi kusan dala miliyan 5. Walt Disney ya rasu a watan Disamba na 1966 bai ga ginin ba, sai wansa Roy ya ƙarasa aikin. A ranar 1 ga Oktoba, 1971, aka buɗe dandalin Magic Kingdom tare da otal biyu, Contemporary da Polynesian. Daga baya aka ƙara dandali uku: Epcot a 1982, wanda ake kira Hollywood Studios yanzu a 1989, da Animal Kingdom a 1998.

Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko otal da dandali tare aka haife su. Faɗin filin ya sa mafi yawan masaukan da ba na kamfanin ba sun yi nesa da ƙofar shiga. Wato kamfanin ya mallaki tazara, sannan ya dawo yana sayar da kusanci. Mai son abinka, in ji Hausawa, ya fi ka dabara.

Matakai Uku

A yau kamfanin yana da masaukai fiye da 25 a cikin wannan fili, kuma ya kasa mafi yawansu mataki uku. Akwai na ƙasa, masu sauƙin kuɗi, irin su All-Star da aka fara buɗewa a 1994, da Pop Century na 2003, da Art of Animation na 2012. Akwai na tsakiya, irin su Caribbean Beach na 1988 da Coronado Springs na 1997. Sai kuma na sama, waɗanda kamfanin ke kira Deluxe. A cikinsu akwai biyun farko da aka ambata, da Grand Floridian na 1988, da Yacht Club da Beach Club na 1990, da Wilderness Lodge na 1994, da BoardWalk na 1996, da Animal Kingdom Lodge na 2001.

Farashin ɗaki yana hawa da sauka gwargwadon lokacin shekara. Amma a 'yan shekarun nan, kwana ɗaya a ɗakin Grand Floridian yakan wuce dala 600, yayin da a All-Star akan sami ɗaki a ƙasa da dala 200 a lokutan da babu cunkoso. Domin mai karatu ya ji nauyin abin, a 2025 dala ɗaya ta yi ta kewaya naira 1,500. Ke nan dala 600 ta kama naira 900,000. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijeriya ta amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Kwana ɗaya a wannan ɗaki ya kusa cinye albashin wata goma sha uku na ƙaramin ma'aikaci.

Kuma wannan kuɗin kwana ne kawai. Tikitin shiga dandali daban ne. A 1971 babban mutum yakan shiga da dala 3 da rabi, sannan ya sayi tikitin hawa lilo da majaujawa daban. A 2024 kuwa tikitin yini ɗaya ya kama daga dala 109 zuwa 189, gwargwadon rana da dandalin da aka zaɓa. Abinci daban, kuɗin jirgi daban.

Abin Da Kuɗin Ke Saye

To me iyali ke samu a kan wannan ƙari? Adalci shi ne a faɗi gaskiyar abin da ke akwai. Ɗakin ya fi girma: na Grand Floridian ya kai kimanin ƙafa murabba'i 440, na ƙananan otal-otal kuwa kimanin 260. Akwai gidajen abinci na zama a ci a natse, akwai tafkunan ninƙaya masu kyau, kuma zaure da lambu an ƙawata su ƙwarai. Sai dai duk wannan ana samunsa a manyan otal-otal na cikin Orlando a farashin da bai kai haka ba. Gado gado ne, kuma wanda ya yini yana yawo a rana, da ya rufe ido ba ya bambance labulen alharini da na atamfa.

Abin da ba a samu a waje shi ne kusanci. Otal uku, Contemporary da Polynesian da Grand Floridian, suna kan hanyar wani jirgin ƙasa mai tafiya a sama bisa dogo ɗaya, wanda ke kai mutum ƙofar Magic Kingdom. A Contemporary jirgin ta tsakiyar ginin yake ratsawa, kuma wanda ya ga dama yana iya takawa da ƙafa ya isa dandalin cikin kimanin minti goma. Haka kuma mazauna Yacht Club da Beach Club da BoardWalk da ƙafa suke shiga Epcot, kuma akwai ƙananan jiragen ruwa da ke kai su Hollywood Studios. Wanda ya sauka a All-Star kuwa sai ya jira bas, ya yi tafiya mai ɗan nisa, sannan da dare bayan wasan tartsatsin wuta ya sake bin dogon layin bas tare da dubban gajiyayyu, yaro na barci a kafaɗarsa.

Wannan kusanci yana da amfani na zahiri. Fulorida wuri ne mai zafi da gumi a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da makarantu ke hutu, kuma da yamma hadari yakan taso da tsawa. Iyalin da ɗakinsu ke kusa suna iya fita da sassafe, su dawo da tsakar rana yara su yi barci, su sake fita idan gari ya yi sanyi. Iyalin da ɗakinsu ke nesa sukan zauna a dandalin tun safe har dare, domin komawa ɗaki da dawowa zai ci musu sa'o'i.

Yanzu sai mu yi lissafi. Mu ɗauka bambancin kuɗi tsakanin otal biyu dala 400 ne a kowane dare, kuma mu yi wa babban otal karamci mu ce yana rage wa iyali wahalar hanya ta awa biyu a yini. Ke nan iyalin suna sayen kowace awa a kan dala 200. A 2023 ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan wurin suka cimma yarjejeniya da kamfanin cewa mafi ƙarancin lada zai kai dala 18 a awa. Wato awa ɗaya ta hutun baƙo ta kai ladan awa goma sha ɗaya na ƙaramin ma'aikacin da ke yi masa hidima a wancan lokacin. Wannan shi ne ainihin cinikin, kuma duk wanda zai shiga ya kamata ya shiga ido buɗe.

Suna Ɗaya, Kaya Daban

Akwai kuma wani abu da ke nuna cewa sunan mataki kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Animal Kingdom Lodge yana cikin na sama, amma yana can gefe guda na filin, babu jirgin ƙasa, babu na ruwa, babu hanyar ƙafa zuwa kowane dandali. Bas mazaunansa ke jira kamar yadda na All-Star ke yi. A ɗaya ɓangaren, a 2019 aka buɗe Skyliner, wato wasu akwatuna masu ɗaukar mutane da ke rataye a jikin waya suna tafiya a sama, kuma suna ɗaukar mazauna Pop Century da Art of Animation zuwa Epcot da Hollywood Studios. Ga otal na ƙasa da hanya mai sauƙi, ga na sama da hanya mai nisa. Wanda ya sayi suna bai duba taswira ba, yana iya biyan kuɗin kusanci ya tashi da tazara.

Abin Da Aka Janye

Ma'anar alfarma ta biyu ta ƙara fitowa fili bayan annobar korona. An rufe dandalin daga tsakiyar watan Maris zuwa watan Yuli na 2020, kuma da aka sake buɗewa, abubuwa da dama da aka saba samu kyauta ba su dawo yadda suke ba.

Na farko, tun 1999 akwai wani tsari mai suna FastPass, wanda ke ba kowane mai tikiti damar kama lokacin hawa wani lilo ba tare da bin dogon layi ba, kuma ba a biyan ko sisi. A watan Oktoba na 2021 aka maye gurbinsa da tsarin biyan kuɗi, wanda aka sake wa fasali da suna a 2024. A sabon tsarin, mazauna otal-otal na kamfanin suna zaɓar lokutansu kwana 7 kafin zuwansu, sauran jama'a kuwa kwana 3, ke nan sai abin da aka rage suke samu. A watan Oktoba na 2024 aka ƙara fito da wani tikiti na tsallake layi wanda farashinsa kan kai dala 449 ga mutum ɗaya a yini ɗaya, kuma da farko mazauna manyan otal-otal kaɗai aka yarda su saya, kafin daga baya a buɗe wa sauran.

Na biyu, a da duk wanda ya sauka a otal na kamfanin, babba ko ƙarami, yana da ƙarin lokaci a dandali, wata rana da safe, wata rana da dare. Daga Oktoba 2021 aka bar wa kowa minti 30 na safe, amma ƙarin lokacin dare, wanda shi ne mai daɗi saboda sanyi da ƙarancin jama'a, aka keɓe shi ga mazauna manyan otal-otal da wasu 'yan kaɗan.

Na uku, bas ɗin da ke ɗauko baƙi kyauta daga filin jirgin saman Orlando tun 2005, an daina shi a farkon 2022.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa wani ɓangare na darajar babban otal daga hannun ƙaramin baƙo aka karɓo shi. Layi ba ya ɓacewa don wani ya tsallake shi, ƙara tsawo yake yi ga wanda ke baya. Duk minti ɗaya da aka rage wa yaron mai kuɗi, a kan yaron da ke tsaye a rana aka ɗora shi, kuma yaran biyu suna kallon juna. A ganina wannan shi ne babban abin da ya cancanci suka a tsarin, ya fi tsadar kanta.

Harshen Da Ake Sayarwa Da Shi

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu nazarin harshe. Kamfanin Disney ya daɗe da gane cewa suna linzami ne. A harshen kamfanin babu mai saye, kowa "baƙo" ne. Ma'aikata kuwa, har da mai shara da mai wanke-wanke, ana kiran su da sunan da ake kiran 'yan wasan kwaikwayo, kayan aikinsu kayan wasa ne, wurin da jama'a ke gani dandamali ne, inda ba a gani kuma bayan fage. Dubi hikimar kalmar "baƙo". Mai saye yana taya kaya, yana ƙorafi, yana ƙirga canji. Baƙo kuwa kunya ke hana shi tambayar nawa ne. Amma wane irin baƙo ne mai gida ke miƙa masa takardar biyan kuɗi ranar sallama?

Ita kanta kalmar Deluxe daga Faransanci ta shigo Ingilishi, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin wuce gona da iri. Mataki na ƙasa ba a kira shi mai araha ba, an zaɓa masa kalmar da ke nufin abin da ya biya kuɗinsa, don kada mai sauka a can ya ji an ƙasƙantar da shi. Haka kuma a wurin sayen tikiti, yaro da ya cika shekara 10 kuɗin babba yake biya. Yaron da a gida ba a aikensa kasuwa shi kaɗai, a nan ya zama magidanci.

Kalmomin da suka fi ƙarfi su ne masu taɓa zuciyar iyaye. Tallace-tallacen irin waɗannan wurare suna yawan magana a kan abin al'ajabi da kuma abin tunawa na har abada, suna tunatar da uwa cewa yarinta ba ta dawowa. Maganar gaskiya ce, yarinta ba ta dawowa. Sai dai an ɗaura mata wata magana da ba gaskiya ba, wato wai yawan kuɗin da aka kashe shi ne ma'aunin ƙauna. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3, wanda kamfanin kansa ba ya karɓar kuɗin shigarsa, da wuya ya girma da tunanin ɗakin da ya kwana. Ɗan shekara bakwai zai tuna ruwan da ya yi wasa a ciki da yadda babansa ya yi dariya, amma sunan otal ɗin babba ne zai riƙe shi.

Kalma kuma tana da nauyi ta wata fuskar. A watan Yuni na 2016, kada ya kama wani yaro ɗan shekara biyu a bakin tafkin da ke gaban Grand Floridian, yaron ya rasu. Allunan da ke wurin a lokacin hana ninƙaya kawai suka yi, ba su ambaci kada ba. Bayan faruwar abin aka kafa shinge, aka kuma sa sababbin alluna masu gargaɗi a kan kadoji da macizai. Wurin da ya ƙware wajen zaɓen kalmar da za ta faranta rai, sai da rai ya salwanta kafin a rubuta kalmar da za ta tsoratar. Darasi ne ga duk wanda zai yi aikin fassara ko rubutun talla gobe.

Afirka A Zauren Otal

Abu na uku da babban otal ke sayarwa, bayan kusanci da fifiko, shi ne jigo. Kowane otal yana kwaikwayon wani wuri ko wani zamani. Polynesian yana kwaikwayon tsibiran tekun Fasifik, Wilderness Lodge yana kwaikwayon masaukan gandun dajin yammacin Amurka, shi kuwa Animal Kingdom Lodge nahiyarmu yake kwaikwayo. Mai ɗaki a can yana iya tsayawa a baranda ya ga raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo.

Sunayen wurin na harshen Suwahili ne. Babban ginin Jambo ake ce masa, wato kalmar gaisuwa. Gidajen abincinsa akwai Jiko, ma'ana murhu ko wurin girki, da Boma, ma'ana shinge ko kewayayyen wuri, da kuma Sanaa, ma'ana fasaha. Mai jin Hausa zai ji wannan ta ƙarshe ta yi masa kama da wata kalma da ya sani, kuma bai yi kuskure ba: ita da "sana'a" tamu daga tushe ɗaya na Larabci suka fito. A zauren ginin kuma akwai dodon Ijele na al'ummar Ibo ta Nijeriya, mai tsawon kimanin ƙafa 16. Ijele shi ne ake ɗauka sarkin dodanni a ƙasar Ibo, musamman a yankin Anambra, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su a 2009.

Ba zan ce wannan aiki banza ne ba. Kamfanin yakan ɗauko matasa daga wasu ƙasashen Afirka su yi aiki a otal ɗin suna ba baƙi bayanin ƙasashensu, kuma yaron Ba'amurke da ya tsaya gaban Ijele ya ga abin da ba ya gani a labaran yunwa da yaƙi. Amma a gida Ijele fitowa yake yi da kiɗa da rawa a manyan bukukuwa, jama'a na darewa suna ba shi hanya. A can kuwa tsaye yake cik, masu jan akwati na wucewa ta gabansa. Nahiya mai ƙasashe 54 da harsuna sama da dubu an taƙaita ta a gaisuwa ɗaya da garken dabbobi. Ɗan Afirkan da ya biya dala ɗaruruwa don ya kwana a cikin wannan hoto na gidansu, ya dace ya tambayi kansa abin da ya saya.

Shi ma jigo yana da iyakar farashi. A watan Maris na 2022 kamfanin ya buɗe wani otal mai ɗaki 100 da aka gina a kan labarin finafinan Star Wars, inda baƙo zai kwana biyu kamar yana cikin jirgin sararin samaniya, tagoginsa ma allunan hoto ne. Kuɗin mutum biyu ya kai kimanin dala 4,800, na iyali mai mutum huɗu kusan dala 6,000. A watan Satumba na 2023 aka rufe shi, bai cika shekara biyu ba. Masu saye sun nuna cewa su ma sun iya lissafi.

Wa Ya Dace Da Shi?

Wani zai ce, mutum da kuɗinsa, ina ruwanka? Gaskiya ne, kuma akwai iyalan da babban otal ya dace da su ƙwarai. Iyali mai jariri ko ƙananan yara da ba sa jure yini a rana, ko masu tafiya da tsohuwa, ko da wani mai lalurar da ke hana shi doguwar tsayuwa, a gare su kusanci hutu ne na gaske, kuma yana iya zama bambanci tsakanin tafiya mai daɗi da ta azaba. Haka nan waɗanda suka ware kwanaki don zama a otal ɗin kansa, su yi ninƙaya, su ci abinci a natse, su za su ci moriyar abin da suka biya.

Waɗanda bai dace da su ba su ne masu manyan yara da za su fita tun asuba su dawo tsakar dare, domin sun biya kuɗin fada ne su yi barcin awa shida a ciki. Sai kuma, fiye da kowa, waɗanda za su biya da bashi. Hutun mako ɗaya da za a shafe shekara ana biyansa da kuɗin ruwa, yaran da aka yi dominsu su ne za su ji raɗaɗinsa a kuɗin makaranta da cefanen gida, kuma fuskar uba mai tunanin bashi ita ma abin tunawa ce. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Akwai kuma hanyar tsakiya. Zaurukan manyan otal-otal da gidajen abincinsu a buɗe suke ga wanda ya kama tebur, ko da ba a can ya sauka ba, kuma hawa jirgin nan mai dogo ɗaya ba a biyan kuɗi. Wasu iyalan kuma sukan raba kwanakinsu, su yi mafi yawa a ƙaramin otal, su ƙarasa kwana ɗaya ko biyu a babba.

Kammalawa

A taƙaice, babban otal na dandalin nishaɗi yana sayar da abu uku: kusanci, fifiko, da jigo. Na farko ana iya auna shi da agogo da taswira. Na biyu ana samunsa ne a kan wuyan wanda ke bayan layi. Na uku kuwa da kalmomi ake gina shi, kuma kalmomi su ne fagenmu.

Da yawa daga cikinmu wataƙila ba za mu taɓa taka Orlando ba, amma dabarar ba ta tsaya a can ba. Duk inda aka kasa masu saye mataki-mataki aka ba kowane mataki suna mai daɗi, a jirgin sama ne ko a banki ko a asibitin kuɗi, tambaya ɗaya ce ya kamata a yi: idan aka cire sunan, me ya rage, kuma nawa ne kuɗinsa? 'Yan'uwa ɗalibai, gobe wasunmu ne za su fassara tallace-tallace zuwa Hausa a rediyo da talabijin da jaridu. Idan aka kawo maka kalmar da za ka fassara da "alfarma", ka tsaya ka tantance wacce daga cikin biyun ake nufi, domin mai sauraronka da amanar harshenka zai buɗe aljihunsa.